Sauya rumbun iskar inji a gida: abin da za ka tabbatar kafin ka kwance noti ko ɗaya

Wani ɗan'uwa ya turo tambaya a kan motarsa mai silinda 6, irin injin nan V6. Ya ce makonni ke nan ba ta riƙe silo, in ya tsaya a danja sai ta riƙa kakkarwa kamar za ta mutu, amma da ya hau titi ya taka totur sai ta miƙe lafiya lau. In ya buɗe bonet yana jin wani siririn shuu daga saman inji. Fitilar gargaɗin inji ta kama, na'urar bincike ta nuna P0171 da P0174. An ce masa filenam ne ya tsage. Yana da sifanoni da soket irin na gida, kuma ya saba sauya fulogi da baƙin mai da kansa. Tambayarsa ita ce: zai iya sauya filenam ɗin da hannunsa, kuma ta ina zai fara?

Ɗan'uwa, za ka iya. Wanda ya iya sauya fulogi bai karya shi ba, to hannunsa ya kai wannan aiki a yawancin motoci. Ba aikin ƙarfi ba ne, babu wani abu mai nauyi da za ka ɗaga, ba ka shiga ƙarƙashin mota. Sai dai kafin in gaya maka yadda ake yi, ina so ka dakata da sayen komai, domin a cikin motocin da suka zo hannuna da irin alamomin da ka lissafa, waɗanda rumbun ne da kansa ya lalace su ne marasa rinjaye. Galibi gaskit ne ya bushe, ko wani ɗan tiyo ya tsage a ƙasansa inda ido ba ya kaiwa.

Filenam, wanda ni nake kira rumbun iska, shi ne babban ƙoƙon nan da ke zaune a saman inji bayan maƙogwaron totur. Iska tana shigowa ta matatar iska, ta wuce sensa mai auna ta, ta ratsa faifan totur, sannan ta taru a rumbun. Daga nan bututai suke rarraba ta, kowace silinda da nata. Amfanin rumbun shi ne silinda ba sa zuƙar iska lokaci ɗaya, bi da bi suke yi, kowace da fizgarta. In babu wurin da iskar za ta taru ta natsu, wata silinda za ta ƙoshi wata ta kwana da yunwa. A injunan V6 da yawa manifol ɗin, wato wannan haɗin bututai mai kai iska silinda, hawa biyu ne: na ƙasa yana ɗaure a kan silinda, a nan nozul masu fesa fetur suke, na sama kuma shi ne rumbun. Tsakaninsu akwai gaskit. A da da alminiyam ake yin rumbun, daga shekarun 1990 kamfanoni suka koma wata roba mai tauri, nailan da aka cuɗa da zaren gilashi, saboda ta fi sauƙin nauyi, cikinta ya fi santsi, kuma ba ta ɗaukar zafi ta ɗumama iskar kamar ƙarfe.

Duk wannan aiki a kan abu ɗaya yake tafiya, in ka gane shi sauran za su zo maka da sauƙi. Kwamfutar mota tana ba da fetur ne daidai da iskar da aka auna, kusan giram 14.7 na iska ga giram 1 na fetur. Duk iskar da ta shiga bayan sensa, ta wata kafa ko tsaga, kwamfuta ba ta san da zuwanta ba, saboda haka ba ta ba ta rabonta na fetur. Cakuɗin ya tsinke, wuta ta yi rauni. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a nan ba shiga kawai iskar take yi ba, jawo ta ake yi. Lokacin silo faifan totur kusan a rufe yake, fistin suna ta zuƙa, sai cikin rumbun ya zama da zuƙo mai ƙarfi. A wannan lokaci injin lita 3 giram kaɗan na iska yake sha a sakan, kamar 3 zuwa 5. In ka taka totur har ƙasa ya wuce giram 100. Ka ga ƙaramar kafa da ke shigar da giram 1 ta zama babban abu a silo, amma a kan titi ba a ma jin ta. Wannan shi ne dalilin da motarka take kakkarwa a danja ta warke a hanya. Injin V6 jeri biyu ne na silinda, uku uku. P0171 yana cewa fetur ya yi kaɗan a jerin silinda na farko, P0174 a jeri na biyu. Tunda duka biyun suka fito tare, matsalar tana wurin da jerin biyu suka yi tarayya: rumbun, gaskit ɗinsa, tiyoyin da ke jikinsa, babban tiyon da ke zuwa daga matata, sensa mai auna iska, ko kuma famfon fetur da ya gaji.

Na'urar da ta nuna maka lambobin, in tana nuna bayanai inji na aiki, ita za ta raba maka gardama. Ka nemi adadin gyaran fetur, wato yawan fetur da kwamfuta ke ƙarawa ko ragewa, LTFT na dogon lokaci da STFT na nan take, ka haɗa su. Inji mai lafiya yana yawo ne kusa da sifili, ƙasa da kashi 10 cikin ɗari. Ka bari inji ya yi zafi, ka duba a silo, sannan ka ɗaga shi zuwa juyi 2500 a minti ka riƙe. In a silo adadin ya haura, misali kashi 20, amma da ka ɗaga ya sauko kusa da sifili, to iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya. In kuwa a silo yana da kyau, sai ka ɗaga yake haurawa, ka bar rumbun ya huta. Ka koma kan famfon fetur, matatar fetur, ko sensar iska da ta yi datti. Gwajin nan ba ya cin minti 5, kuma ya hana mutane da yawa kwance abin da lafiyarsa ƙalau.

In ta tabbata iska ce, saura gano ƙofar. Abin da ya fi komai shi ne hayaƙi. Ana toshe bakin babban tiyo, inji a kashe, a hura hayaƙi a hankali ta wani ƙaramin tiyo, sai ka tsaya da tocila kana kallo. Inda ya fito, nan ne. Gani ya kori ji. In ba ka da injin hayaƙi, ka ɗauki guntun tiyo mai tsabta, baki ɗaya a kunnenka, ɗayan kana bin gefen rumbun da shi inji na silo, ka kiyaye bel da fanka. Za ka ji shuu ɗin ya ƙaru sosai in ka zo kansa. Ka kuma lanƙwasa kowane tiyo da yatsa ka duba cikinsa da ƙasansa, musamman gwiwar tiyon PCV, mai kwaso tururi daga cikin inji ya mayar da shi rumbun, wanda tururin baƙin mai ke laushe shi har ya rube, da ninkin babban tiyo inda yake tsagewa a ɓoye. Akwai masu fesa maganin wanke kafireta a gefen gaskit su saurari canjin sautin inji. Yana aiki, amma ni ba na son sa ga mai aiki a gida, domin abu ne mai kamawa da wuta, kuma tartsatsi ɗaya daga koyil mai tsaga ya isa.

Akwai kuma inda rumbun ne da gaske. Robar tana tsagewa a layin da aka haɗe ɓangarorinta biyu, ko a gindin ƙananan bakunan da tiyoyi ke shiga, ko kewayen ramin noti in an taɓa matse shi fiye da kima. Wani lokaci inji yana yin tari ta baya, wuta ta koma cikin rumbun ta fasa shi. Wanda ya fi shahara shi ne injin 3800 na kamfanin GM, zubi na biyu da ya fito a 1995, wanda ke cikin motoci irin su Buick LeSabre da Pontiac Bonneville. Bututun EGR, mai mayar da hayaƙin salansa mai zafi cikin inji, yana ratsa robar rumbun dab da hanyar ruwan lagireto. Shekara da shekaru zafin yana cin robar har ta huje, ruwa ya fara zuba cikin hanyar iska. A zubi na uku na 2004 sai suka koma alminiyam. Injin Ford na lita 4.6 na tsakanin 1996 da 2001 shi ma manifol ɗinsa na roba yana tsagewa a mashigar ruwa ta gaba, daga baya aka mayar da wannan wuri na alminiyam. Na kawo waɗannan ne don ka san wasu rumbunan ruwa yana bi ta jikinsu. In motarka tana shan ruwan lagireto ba ka ga inda yake ɗiga ba, ko tana farin hayaƙi da safe, maganar ta wuce ta silo. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. In ya taru a silinda cikin dare ka zo ka murza makulli, fistin zai buge shi, sandar fistin ta lanƙwashe. Motar da ke wannan hali ba a tayar da ita. A cire fulogi duka, a juya injin ruwan ya fita, a sauya baƙin mai da matatarsa bayan an gama gyara.

Wajen saye, ka bi lambar da ke jikin tsohon rumbun ko lambar jikin motar, kada ka bi kamanni. Kama da wane ba ta wane. Inji iri ɗaya na shekaru biyu mabambanta yakan bambanta da baki ɗaya na tiyo ko ramin sensa guda, kuma ba za ka lura ba sai mota tana kwance a buɗe. In na hannu za ka saya, ka haska cikinsa da kyau ka jijjiga shi kusa da kunne. Rumbun da aka ciro daga injin da ya fashe yakan ɓoye ɓarɓashin ƙarfe a lungunansa, ranar da ka ɗora shi injinka ya zuƙe su. Gaskit kuwa sabo ake sawa ko da rumbun na hannu ne, da na tsakanin rumbu da manifol, da na maƙogwaron totur, da na EGR in akwai. Sannan abu biyu da ba na yarda a fara aiki babu su: bayanin kamfani na motarka mai nuna adadin ɗauri da jerinsa, da ƙaramin sifana mai auna ɗauri wanda ke iya karanta Nm 5 zuwa 25 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri). Babban da ake ɗaure taya da shi ba ya jin ƙananan adadi.

Ka zaɓi ranar da ba ka bukatar motar washegari, ba a fafe gora ranar tafiya. Inji ya kwana ya huce sarai; alminiyam mai zafi yana sakin haƙoran noti, ruwan lagireto mai zafi kuma yana ƙuna. Ka duba ko bututun fetur yana ɗaure a jikin rumbun. A motoci da yawa ba ruwanka da shi, yana manifol na ƙasa. In sai ka taɓa shi, ka cire fiyus ɗin famfon fetur, ka tayar da inji har ya mutu da kansa, sannan ka naɗe mahaɗar da tsumma kafin ka buɗe, domin matsin fetur a ciki yakan kai kusan bar 3 zuwa 4 (bar ma'aunin matsi ne). Bayan haka ka cire kan batir na negatif. In tiyoyin ruwa suna zuwa maƙogwaron totur, ko ka matse su da abin matsewa, ko ka rage ruwan lagireto ya sauka ƙasa da wurin. Sau da yawa ma ana iya kwance maƙogwaron a jingine shi gefe da tiyoyinsa ba tare da an buɗe ruwa ba. Ka ɗauki hoto da wayarka daga kowane ɓangare, kusa da nesa, kafin ka taɓa komai, ka ci gaba da ɗauka duk lokacin da ka cire wani abu. Kowane tiyo da bakinsa ka liƙa musu salatif ka rubuta lamba ɗaya. Ka sami kwali ka zana siffar rumbun a kai, ka huda shi, duk notin da ya fito ka soke shi a gurbinsa, saboda ba tsayinsu ɗaya ba. Kuma kafin noti na farko, ka hure ko ka share ƙura da yashin da suka taru a gefen rumbun. Duk abin da ka bari a nan, cikin inji zai faɗa da zarar ka ɗaga.

Cirewar ba ta da wani sirri. Babban tiyo ya fara fita, sai soket ɗin wayoyi, sai ƙananan tiyoyi: na birki, na PCV, na tururin tanki, da na bawul mai sauya tsawon bututai in injinka yana da shi. Soket ɗin da suka sha zafin shekaru suna karyewa kamar busasshen kara; ka fara tura shi ciki kaɗan, ka danna harshen, sannan ka ja jikinsa, ba wayar ba. Tiyon da ya manne ka murɗa shi a hankali ya saki kafin ka ja, in ba haka ba bakin robar zai biyo shi. Ka sassauta notuna daga gefe zuwa tsakiya, kaɗan kaɗan. In duk notunan da kake gani sun fita amma rumbun ya ƙi motsi, kada ka cusa sukurdireba ka banƙare. Kusan kullum akwai noti da ya rage. Injunan V6 da ke kwance a gicciye, irin su 1MZ-FE na Toyota da ke cikin Camry da Sienna, suna da ƙarafan tallafi a bayan rumbun, can jikin bangon da ya raba inji da cikin mota, waɗanda sai da lalube ko ɗan madubi ake ganinsu. Akwai kuma wayoyin ƙasa da ake ɗaurewa a jikinsa. Ka nemo su. In komai ya fita, bugu ɗaya da tafin hannu ya isa ya saki.

Lokacin da rumbun ya tashi, ramuka 6 za su buɗe suna kallon sama. Kowane ɗaya hanya ce kai tsaye zuwa bawul, daga bawul sai kan fistin. Kafin ka ajiye rumbun a ƙasa ma, ka riga ka tanadi tsumma mai tsabta 6, wadda ba ta zubar da zare, ka toshe su, ka bar jelar kowace a waje. Ko ka rufe da faffaɗan salatif. An taɓa kawo mini mota bayan irin wannan aiki. Mai ita ya yi komai daidai, ya tayar, ta yi silo mai kyau na ɗan lokaci, sai aka ji ƙwas ƙwas ƙwas daga ciki kamar ana buga guduma a kan faranti. Da muka buɗe kan silinda, sai ga washa ɗaya, wadda faɗinta bai kai farcen babban yatsa ba, ta lanƙwashe ta nutse rabi a saman fistin. Fuskar fistin ɗin duk tabo kamar an sassare ta da kurfi, bawul ɗaya ya karkace, bakin fulogi ya manne. Mutumin ya ce ya ji ƙarar faɗuwar wani abu lokacin da yake aiki, ya duba ƙasa bai gani ba, ya ɗauka ta maƙale a wani lungu. Har yau in na tuna fuskarsa a ranar raina yana ɓaci, domin aikinsa mai kyau ne in ban da wannan. Saboda haka ka ƙirga duk noti da washa da suka fita. In ɗaya ya ɓace, aiki ya tsaya sai an gan shi, da tocila, da maganaɗisu mai dogon hannu, da ƙaramar kyamarar leƙe in ta kama. Tsummokaran ma ka ƙirga su, 6 suka shiga, 6 za su fito.

Ka ɗauki tsohon gaskit ka dube shi, zai ba ka labarin abin da ya faru. Sabo yana da tudu da laushi, in ka danna da farce ya dawo. Wanda ya mutu ya baje ya yi sumul da fuskar rumbun, ya yi tauri, in ka lanƙwasa shi ya tsattsage, kuma sau da yawa za ka ga wani baƙin layi na ƙura ya ratsa shi a daidai inda iska take bi. In ka ga haka, kuma ka duba rumbun a haske ba ka ga tsaga ba, ka ɗora ƙarfe madaidaici a fuskarsa bai nuna lanƙwasa ba, to rumbunka lafiya yake, gaskit kawai za ka sauya. Fuskar manifol na ƙasa ka goge ta da abin kankara na roba da tsumma mai ɗan maganin wanke birki. Kada reza ta ƙarfe ta yi maka zane a alminiyam, kuma ka nisanci faifan gurza da ake sa wa injin huda. Yana sa wuri ya yi ƙyalli, amma yana cin fuskar ya bar kwari, kuma garinsa mai kaifi in ya shiga baƙin mai yana cinye kwanukan da karanshaf ke juyawa a kansu.

Tunda wuri ya buɗe, ka yi abin da ba ya yiwuwa sai an buɗe. Fulogi 3 na jerin baya a irin waɗannan injuna ƙarƙashin rumbun suke, ka sauya duka 6. Ka leƙa ramukansu, in da baƙin mai a ciki gaskit ɗin murfin bawul ya gaji. Bawul ɗin PCV da tiyonsa su ma yanzu ne lokacinsu. In akwai hanyar EGR ka duba ko baƙin gawayi ya toshe ta; Honda Accord V6 na 1998 zuwa 2002 an san ta da wannan, har tana nuna P0401. Ɗan damshin mai a cikin rumbu ba abin tsoro ba ne, tururin PCV ne.

Ka jera tsohon rumbu da sabo gefe da gefe, ka kwashe sensa da bawul da ƙarafa ɗaya bayan ɗaya zuwa sabon, ka tabbata babu bakin da ya rage a buɗe. Gaskit na roba yana zama ne cikin kwarinsa, ka bi shi da yatsa ya zauna ko'ina ba tare da murɗewa ba. A bushe ake sa shi. Na san hannu yana ƙaiƙayin a shafa gam don ƙarin tabbaci, amma gam yana sa robar ta zame daga kwarinta, abin da ya matso ciki kuma inji ya zuƙe shi, wasu nau'o'in silikon ma suna kashe sensar iskar salansa. In kamfani bai ce a sa ba, kada a sa. Sai ka cire tsummokara, ka ƙirga, ka haska kowane rami sau ɗaya na ƙarshe, ka sauke rumbun a tsaye daga sama. Kada ka ja shi a kan gaskit. Ka zagaya da yatsa ka tabbata bai danne waya ko tiyo ba, musamman ta baya.

Ɗauri shi ne inda aka fi yin ɓarna. Kowane noti ka fara shi da yatsu, ya shiga zagaye uku ko huɗu ba tare da gardama ba, duka su shiga kafin ka matse ko ɗaya, har da na ƙarafan tallafi na baya. Sannan ka bi jerin da kamfani ya bayar. In jerin bai zo hannunka ba, ƙa'idar ita ce daga tsakiya zuwa waje, kana tsallakawa gefe da gefe, don gaskit ya baje daidai kamar yadda ake shimfiɗa abu daga tsakiya. Ka yi zagaye biyu, na farko rabin adadi, na biyu cikakke, sannan ka sake bi sau ɗaya domin na tsakiya sukan saki bayan an matse na gefe. Adadin kansa ƙarami ne ƙwarai. Rumbun injin 3800 da na ambata Nm 10 ne kacal, wanda littattafan Amurka ke rubutawa 89 lb-in. Ka lura da haruffan nan na ƙarshe da kyau. Akwai lb-in akwai lb-ft, kuma na biyun ya ninka na farko sau 12. Wanda ya karanta 89 lb-in a matsayin 89 lb-ft zai ɗora wa ɗan siririn noti kusan Nm 120, ɗaurin notin taya ke nan. Ko notin ya tsinke, ko haƙoran alminiyam su biyo shi, ko sabon rumbun ya tsage tun bai ga titi ba. Rumbunan alminiyam sukan ɗauki fiye da na roba, shi ya sa nake cewa lambar motarka ka nema, kada ka ari ta wata. Nm 10 a hannu za ka ji kamar bai ɗauru ba, zuciya ta ce ƙara kaɗan. Kada ka ƙara. Ba ƙarfin noti ke toshe iska ba, tudun gaskit ne da aka danne daidai gwargwado. In ka wuce, fuskar robar tana lanƙwashewa tsakanin noti da noti ta buɗe sabuwar kafa. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Sauran haɗawa hotunanka za su yi maka jagora. Kowane soket ka ji ƙas ɗinsa. Tiyon birki ka duba shi sau biyu, domin zuƙon rumbun ne ke taimaka wa ƙafarka. In ya zame, feda za ta yi tauri kamar dutse a lokacin da kake bukatarta. Ka cika ruwan lagireto in ka rage, ka fitar da iskar da ta shiga. Ka mayar da fiyus da kan batir, ka murza makulli zuwa kunna wuta ba tare da tayarwa ba sau biyu ko uku, fetur ya cika bututu, ka sunsuna ka duba ko akwai ɗigo. Sai ka tayar. Kada hankalinka ya tashi in silo ya ɗan hau ko ya yi ta hawa da sauka a mintunan farko. Kwamfuta ta manta abin da ta koya, kuma in ka goge faifan totur, yana shigar da iska fiye da da. Yawancin motoci suna daidaita kansu in ka bar su suka yi zafi ba tare da kunna AC ko fitilu ba, wasu kuma, kamar Nissan da yawa, suna da tsarin koyar da silo na musamman. In totur ɗinka na lantarki ne, kada ka sa yatsa a faifan makulli yana kunne. Kafin ka fita titi, ka taka birki mota na tsaye ka ji laushinsa.

Shaidar cewa aiki ya yi ba kunnenka ba ne, na'urar nan ce dai. Ka goge tsofaffin lambobin, ka yi tafiyar kwana biyu ko uku, ka sake duba adadin gyaran fetur a silo. In ya sauko ƙasa da kashi 10 a jeri biyun, kafar ta toshe. In jeri ɗaya ya gyaru ɗaya bai gyaru ba, ka zargi gaskit na manifol na ƙasa ko robar gindin nozul na wannan ɓangare. In silo ya tsaya sama ya ƙi sauka, akwai tiyon da ka manta ko gaskit da ya zame lokacin saukewa, kuma gara ka sake buɗewa da ka bar shi.

Wuri biyu ne zan ce ka tsaya ka nemi makanike. Na farko in injinka mai fesa fetur kai tsaye cikin silinda ne kuma aikin ya kai ga bututun ƙarfe na babban matsi, domin matsin da ke ciki yana haura bar 100, yana iya huda fata, kuma wasu bututan ba a mayar da su in an kwance. Na biyu in ka ɗaga rumbun ka tarar da ruwan lagireto kwance a cikin ramuka, ko baƙin mai ya koma kalar madara a jikin sandar awo. A nan sai an gwada matsin kowace silinda an san halin da fistin da sandunansu suke ciki kafin a ɗora sabon rumbu a kai.